Shawara ga Mai Gidan Burodi: Kuɗin da Ka Hana Ma'aikata, Tanda ke Cinye Su

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi a cikin Kano, ni da ƙanina muka haɗa jari. Ma'aikatanmu 18, albashinsu daga Naira dubu 30 zuwa dubu 45, gaba ɗaya dubu 680 a wata. Muna kwaɓa buhu 20 a rana, kwana 26 a wata. Kowane buhu na ba mu burodi 100, muna ba dillalai a kan Naira 1,000, fulawa kuma muna sayen buhu dubu 62. Cikin shekara guda mutum 7 sun ajiye aiki, har da masu gashi biyu. Watan jiya sau uku kwaɓin buhu bibbiyu yana lalacewa, kuma kullum sai lissafi ya nuna giɓin burodi 20 ko fiye. Yanzu ma'aikatan sun haɗa baki suna neman ƙarin dubu 20 kowannensu. Ƙanina ya ce kada mu yarda, masu neman aiki sun cika gari, kuma ɓarawo ko duniya ka ba shi sai ya ɗauka. Ni abin yana damuna, amma ina tsoron kada ƙarin ya karya mu. Da azumi muna raba musu kayan abinci, da sallah kuma muna ba su goro. Me ya kamata in yi?

Wani Alhaji, daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a neman. Shawarata ita ce ka yi ƙarin, kuma alƙaluman da ka aiko su ne hujjata. Ka samu ƙaninka ku zauna da takarda da biro ku bi su tare.

Buhu 20 sau kwana 26 ya zama buhu 520, wato burodi dubu 52 a wata, cinikin Naira miliyan 52. Raba albashin dubu 680 a kan burodi dubu 52, za ka ga kowane burodin Naira 1,000 kusan Naira 13 kawai yake ɗauke da ita ta hannun da ya kwaɓa shi, ya murje shi, ya yanka, ya gasa, ya sa a leda. Ƙarin da suke nema, dubu 20 sau 18, dubu 360 ne, bai kai Naira 7 a kan kowane burodi ba. Bayan an yi shi albashi gaba ɗaya zai zama miliyan ɗaya da dubu 40, kashi 2 cikin 100 na cinikinku. Na san ciniki ba riba ba ne, fulawa da sukari da bota da dizal da itace sun riga sun lashe mafi yawansa. Amma duba ɗaya gefen. Kwaɓi uku na buhu bibbiyu, buhu 6 ke nan, fulawarsu kaɗai dubu 372, ba a sa sukari da yis da wuta ba, ba a sa mai shayin da ya jira burodi bai samu ba ya koma wani gidan. Giɓin burodi 20 a rana kuma, 520 a wata, dubu 520. Kuɗin da kuke jin tsoron fitarwa kuna fitar da su tuntuni, har ninki biyu da wani abu, sai dai tanda da bola ke karɓa.

Ba na cewa ranar da ka yi ƙari duk wannan asara za ta tsaya cak. Abin da nake cewa shi ne ko rabinta aka kashe, ƙarin ya biya kansa. Kuma akwai dalilin da ya sa asarar ke bin ƙaramin albashi a gidan burodi fiye da a wasu sana'o'in.

Burodi aikin hannu da ido ne. Mai kwaɓin da ya shekara uku a gidanka ya san cewa da bazara, daga Maris zuwa Mayu, kwaɓi na tashi da wuri, sai ya sa ruwan sanyi ya rage yis, in ba haka ba kwaɓin ya wuce lokaci, ya yi tsami, ya faɗa a cikin gwangwani. Ya san da hunturu sai an ƙara masa lokaci an tsare shi daga iska, don kada samansa ya bushe ya tsage. Ya san buhun fulawar wannan kamfani na shan ruwa fiye da na wancan, da ya sa hannu zai ji. Mai gashi kuma ya san tandarka kamar ɗakinsa: wane lungu ke ƙonawa, wane lungu ke barin burodi fari, minti nawa za a jira bayan an kwashe garwashi kafin a zuba layin farko. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a littafi. Ranar da mai gashi ya tafi, da saninsa ya tafi, wanda zai maye gurbinsa kuma da fulawarka zai koya. Ka rasa masu gashi biyu a shekara guda, don haka lalacewar kwaɓi sau uku a wata ba abin mamaki ba ce. Gaskiyar ƙaninka ce masu neman aiki sun cika gari. Masu iya tandarka fa, su nawa ne a garin?

Maganar giɓin burodi kuwa, kada ka yi saurin kiranta sata. A ce curin kwaɓinka giram 850 ne. Idan mai yanka sabon hannu ne, ko ya gaji, ko sikeli ya saki, ya riƙa wuce awo da giram 10 kacal a kowane curi, burodi 2,000 a rana sun cinye kilo 20 na kwaɓi, wato burodi 23. Ka ga giɓin naka ya fito sarai ba tare da kowa ya sa komai a aljihu ba. Mai yiwuwa kuma akwai masu ɗauka. Mutumin da ke karɓar dubu 35, Naira 1,346 ke nan a ranar aiki. Ka tambaye shi nawa yake biyan ɗan adaidaita zuwa da komawa, ka tambayi uwargida nawa kwanon masara da na wake a kasuwa yau, ka cire, ka ga abin da ya rage wa gidan da ke da mata da yara. Sannan mutumin nan ya kwana yana jera burodi mai zafi da hannunsa, ya san yaransa za su tafi makaranta ba karin kumallo. Wannan bai halatta masa ɗauka ba, amma mai hankali ba ya ajiye ma'aikacinsa a irin wannan gaɓa sannan ya dogara da tsoron Allahn ma'aikacin kaɗai. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ta fuskar doka, in faɗa maka gaskiya, ba a tilasta maka ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga dubu 18 na shekarar 2011 zuwa dubu 30 a 2019, sannan dubu 70 a watan Yulin 2024, gwamnatin Kano ma ta sa wa ma'aikatanta dubu 71. Dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kai kuwa 18 gare ka. Sai dai ma'aikacinka da dubu 70 ɗin yake auna kansa, da kuma abin da abokinsa ke samu a tuƙin adaidaita ko dako a Singa da Dawanau. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka ninka, albashin da aka yanka kafin nan ya zama suna kawai. Ka lura, ko bayan ƙarin dubu 20, babban ma'aikacinka dubu 65 zai karɓa, bai ma kai ƙarancin da ƙasa ta amince da shi ba. Mutanen nan ba su tsawwala ba.

Yanzu ga yadda za a yi, domin ƙarin da aka yi ba tsari kan iya tafiya a banza.

Kafin komai ka ɗauki mako biyu kana awo. A buɗe littafi, kowane kwaɓi da layinsa: buhu nawa ya fita daga sito, wa ya kwaɓa, wa ya yanka, wa ya gasa, burodi nawa ake tsammani, nawa ya fito, nawa ya ƙone, nawa bai tashi ba, nawa dillalai suka dawo da shi kwantai. A gwada sikeli da abin da aka tabbatar da nauyinsa, a riƙa zaɓo curi goma daga kowane kwaɓi ana aunawa. Ka gaya wa ma'aikata ƙarara cewa awon nan share fagen ƙarin albashi ne, ba farautar mai laifi ba, in ba haka ba za su ɓoye maka ƙonannen burodi a bayan tanda, littafin ya zama ƙarya. Idan ba ku da wannan lissafin na farko, nan da wata shida kai da ƙaninka za ku yi ta musu ba mai hujja.

Sannan ka amince da dubu 20 ga kowa. Idan aljihu ba zai ɗauka lokaci guda ba, a biya dubu 12 daga wannan watan, dubu 8 bayan wata uku, a rubuta ranar, a cika ta ko da ciniki ya ja baya. Alkawarin ƙari da aka saɓa ya fi rashin ƙarin ɓarna. A kan wannan, ka ware masu kwaɓi da masu gashi, a ce su huɗu, ka ƙara musu dubu goma-goma. Dubu 40 ke nan, ƙasa da Naira 1 a kan burodi, kuma su ne mutanen da tafiyar ɗayansu ke jawo maka asarar buhuna. A sanar da matakan albashi a fili: na sabon shiga, na wanda ya iya aiki, na gwani, da abin da mutum zai iya kafin ya hau mataki na gaba. Albashin ɓoye, wannan a ba shi a bayan sito wancan a ba shi a mota, shi ke haifar da gulma da zargin an fifita ɗan'uwa. Kuma kada ka zama mai ƙara wa wanda ya yi barazanar tafiya kaɗai, domin ka koya wa sauran hanyar samun ƙari ke nan, ka kuma hukunta masu haƙuri.

Ranar biya a tsayar da ita, ta zama ba ta motsi, kuma kuɗin su tafi kai tsaye asusun bankin kowa. Dokar ƙwadago ta ce tazarar biya kada ta wuce wata guda, ta kuma ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Jinkirin mako guda a wajenka ƙaramin abu ne, a wajensa bashin mai shago ne da na mai haya. Biya ta banki na rufe wata ƙofar da masu gida da yawa ba su san a buɗe take ba: shugaban ma'aikata da ake damƙa wa kuɗi ya raba, ya riƙa gutsurar wani abu, ko ya riƙa karɓar na wanda ya daɗe da barin aiki.

Ka guji biyan lada a kan buhu kaɗai. Da an ce kuɗinka gwargwadon buhun da ka kwaɓa, sai a rage lokacin murji, a jefa kwaɓi tanda bai gama tashi ba, a ƙara wuta don a yi saurin kwashewa, burodi ya fito waje ya yi duhu ciki ɗanye, kwana biyu ya yi fumfuna, dillali ya dawo maka da shi. Abin da ya fi shi ne tsayayyen albashi, sannan tukuicin rage asara ga rukunin aiki gaba ɗaya. Misali, asarar wata a littafin farko dubu 900 ce, wannan watan ta sauko dubu 400, an ceto dubu 500, kashi ɗaya cikin huɗu, dubu 125, a raba wa rukunin. Dalilin yin sa a rukuni shi ne burodi ba ya fitowa daga hannu ɗaya, kuma idan kowa na da rabo, mai yanka zai tsawata wa mai ɗauka tun kafin maganar ta iso gare ka. Yankan albashi saboda ƙonewar burodi kuwa a daina shi. Doka ta taƙaita shi ƙwarai, kuma amfaninsa ɗaya: koya wa mutane ɓoye ɓarna.

A ba kowa ƙaramin burodi guda kullum ya kai gida, a fili, a shigar da shi lissafi. Kada ka ce su kwashi wanda ya lalace, domin daga ranar lalatacce zai yawaita. A tanadi abinci sau ɗaya ga masu aikin dare, da ruwan sha mai sanyi kusa da tanda. A duba awannin aiki da gaske. Injin murji ya cinye yatsu da hannayen mutane da yawa a gidajen burodi, kuma wanda ya yi awa goma sha huɗu a tsaye shi ne hannunsa ke zamewa. Hutun kwana ɗaya a mako haƙƙinsu ne a doka. Akwai kuma asusun diyyar ma'aikata na NSITF, wanda dokar 2010 ta ɗora wa mai gida kashi 1 cikin 100 na albashi, a wajenka kusan dubu 11 a wata. Kwatanta shi da kuɗin asibitin hannu ɗaya. Kuskuren da ya kamata ka kiyaye shi ne yin ƙari sannan ka tsawaita awanni ko ka rage mutum biyu ka ɗora aikinsu kan sauran. Za su lissafa, za su gane ba a ƙara musu komai ba.

Bashin albashi ma a yi masa ƙa'ida: kada ya wuce na wata guda, a cire shi a hankali cikin wata uku ko fiye, ba ruwa. Haihuwa da rashin lafiya da kuɗin makaranta su ke tura ma'aikaci wajen da bai kamata ba, in ya san akwai ƙofar halal a gidan aikinsa ba zai nemi wata ba.

Wanda kuma aka kama da sata bayan duk wannan, a tabbatar, a biya shi haƙƙinsa, a sallame shi. A nan ƙaninka na da gaskiya, akwai wanda hali ne. Amma kora tana da tasiri ne idan aikin abin ƙin rasawa ne. Wanda ke karɓar dubu 30, ka kore shi yau gobe ya samu irinta a layi na gaba, me zai ji tsoro? Wanda ke karɓar abin da ya fi na maƙwabta, da abinci, da biya kan lokaci, shi da kansa zai tsare gurbinsa.

Ba sabon abu ba ne wannan lissafi. A shekarar 1913 masana'antar motocin Ford da ke kusa da Ditiroyit a Amurka sai da ta ɗauki mutum fiye da dubu 50 don ta riƙe gurabe kusan dubu 14, saboda yadda ma'aikata ke shiga suna fita. A watan Janairun 1914 Henry Ford ya mai da ladan yini dala 5, ya ninka abin da ake biya a da, ya rage awannin aiki daga 9 zuwa 8. Guduwar ma'aikata ta faɗi warwas, aiki ya ƙaru, ribar kamfanin ba ta ragu ba. Ba waliyyi ba ne, har gidajen ma'aikata yake tura masu leƙen yadda suke rayuwa, kuma ya yaƙi ƙungiyar ƙwadago shekaru da yawa. Ɗan kasuwa ne da ya gane cewa koyar da sabon hannu kullum ya fi riƙe tsohon hannu tsada.

Akwai kuma abin da ya wuce katangar gidan burodinka, ina so ka tsaya a kansa. Wa ke cin burodinka? Attajiran Nassarawa GRA ko kullum suka ci ba za su cinye burodi dubu 52 a wata ba. Masu cinsa su ne lebura da ɗan dako da tela da direba da malamin firamare da ke zama a teburin mai shayi da safe. Duk mai gidan da ya danne albashi yana rage wa wani mai gidan ciniki, shi ma kuma wani na rage masa. Dattawan Kano sun ga abin da ya biyo bayan rufewar masaƙu da masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa: ba ma'aikatan kaɗai suka ji ba, har mai shago da mai haya da mai abinci a bakin ƙofa. Kuɗin da ya shiga hannun mai ƙaramin ƙarfi ba ya kwana, a unguwar yake juyawa cikin makon. Mai dukiya kuma a garin da yunwa ta yi yawa yana biyan wani harajin da ba a ba shi rasit: doguwar katanga, waya mai ƙaya, maigadi biyu, tsoron fita da daddare, tsoron hanyar gona. Ranar 1 ga Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Kano, an fasa wurare an kwashi kaya, har aka sa dokar hana fita ta awa 24. Masu dukiya ne suka yi asarar, kuma wanda bai rasa kaya ba ya rasa ciniki. Ƙarin albashin mutum 18 ba zai gyara Kano ba, amma gidaje 18 ne a unguwannin da motarka ke ratsawa kafin asuba, kuma ran da abu ya taso, ma'aikacin da ya ɗauki wurin a matsayin abincinsa shi ke tsayawa a ƙofa.

Game da kayan azumi da goron sallah, Allah ya ba da lada, a ci gaba. Amma kyauta daban, haƙƙi daban. Kyauta ana yin ta in an ga dama, ba wanda zai iya ɗaukar haya ko ya sa yaro a makaranta da ita. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma a hadisin da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, bai ba shi ladansa ba. Rabon shinkafa sau ɗaya a shekara ba ya cike giɓin wata goma sha biyu. Ka kuma duba al'adar da 'yan kasuwar Kwari suka sani ta yaye yaro: wanda ya yi maka shekara biyar ko shida da amana, ka ba shi burodi bashi da keken rabawa ya zama dillalinka. Na bayansa za su ga inda hanyar ta nufa.

Ga ƙaninka, kada ka tunkare shi da wa'azi, abokin jari ne, haƙƙinsa ne ya tambayi inda kuɗinsa za su. Ka ce masa a gwada wata shida, a duba abu huɗu a littafi ƙarshen kowane wata: mutum nawa suka tafi, kwaɓi nawa ya lalace, giɓin burodi nawa, kwantai nawa. Ku amince tun yanzu cewa duk wata shida za a sake duba albashi da farashin kwanon hatsi da kuɗin mota, don kada tsada ta cinye ƙarin ku koma gidan jiya. Idan bayan wata uku asarar ba ta motsa ba, kada ku janye ƙarin. Ku duba sikeli, ku duba wanda ke riƙe da mabuɗin sito, ku ƙirga buhunan da ke sauka daga mota da idonku, ku auna ko suna cika kilo 50. In har aka rasa yadda za a yi, Naira 10 a kan farashin dillali ta rufe ƙarin gaba ɗaya har da na masu gashi, kuma ya fi muku sauƙi a kan rage nauyin burodi, wanda mai shayi zai gane tun yankan farko.